Shekara Guda ko Wata Uku: Zaɓin Mai Karen da Sankara Ta Kama wa Hanci

Sankarar hanci ba ta cikin cututtukan da suka fi yawa a jikin karnuka. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa a cikin kowane ƙari ɗari da ake samu a jikin kare, ɗaya ne ko biyu ke fitowa a kogon hanci. Sai dai in ta zo ba ta zuwa da wasa, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na irin wannan ƙari mugu ne, mai cin nama da ƙashi. Ta fi kama karen da ya manyanta, ɗan shekara goma ko kusa da haka, kuma ta fi samun masu dogon baki, irin su Koli da karen Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da shi.

Farkonta ba ya tayar wa kowa da hankali. Atishawa ce, sai majina daga kafar hanci ɗaya, sai ɗigon jini a inda karen ya kwana. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin ya lafa na mako biyu, ya sake dawowa. Wannan lafawar ce ke yaudarar mutane, domin maganin ya kori ƙwayoyin da suka yi sansani a kan ƙarin ne kawai, shi kuwa ƙarin yana nan yana ƙara girma. Shi ya sa akan ɗauki wata biyu zuwa uku ana magani a duhu kafin a gano gaskiyar lamarin. A lokacin haɓon ya yawaita, minshari ya fara, wani lokaci doron hanci ya kumbura, ko ido ɗaya ya turo yana zubar da hawaye. Tsakanin kogon hanci da ƙwaƙwalwa akwai wani siririn ƙashi mai ƙananan huji kamar rariya, inda jijiyoyin jin ƙamshi ke wucewa. Ranar da ƙarin ya cinye wannan ƙashi, sai a ga kare yana farfaɗiya, ko yana zagaye wuri ɗaya, ko ya daina gane mutanen gidansu.

Abin da ya sa wannan cuta ta fi wasu ban tausayi shi ne gaɓar da ta zaɓa. Ana ƙiyasta cewa hancin kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi da kan kai miliyan 300 a wasu jinsuna, alhali na mutum bai wuce miliyan 6 ba. Da hanci yake gane uban gidansa, da shi yake sanin abin da zai ci, da shi yake karanta wanda ya bi ta ƙofar gida da dare. Kuma in ya kwanta barci da hanci yake numfashi. Zai iya buɗe baki ya yi haki yana farke, amma da barci ya ɗauke shi bakin zai rufe, numfashi ya toshe, ya zabura ya tashi. Karen da hancinsa ya toshe gaba ɗaya yana iya kwana a zaune yana gyangyaɗi. Duk wanda zai auna hanyoyin jinyar wannan cuta, ina ganin da wannan daren ya kamata ya fara awo.

Kafin a kai ga zaɓi, akwai abin da ya wajaba a faɗa wa mai kare a ƙasashenmu: ba kowane haɓo ba ne sankara irin wadda ba ta warkewa. Cutar da kaska ke sa wa kare, wadda ke rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, tana jawo haɓo, kuma tana jin maganin doksisaikilin. Shinkafar ɓera tana jawo shi. Ruɓewar saiwar haƙori, tsinken ciyawa da ya maƙale a hanci, da wani nau'in fumfuna da ke cin kogon hanci, duk suna iya kama da ita. Sannan akwai wata sankara mai ban mamaki da karnuka ke ɗauka daga juna wajen barbara, wadda ta yawaita a duk inda karnuka ke yawo sakaka, har da Najeriya. Asalinta a al'aura take fitowa, amma tana iya kama hanci da baki saboda sansane-sansanen da karnuka ke yi wa juna. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun ba da rahoto a 2022 cewa maza sun fi mata kamuwa da nau'in hanci da baki har ninki huɗu zuwa biyar. Ita wannan tana warkewa sarai a mafi yawan lokuta da allurar binkiristin sau ɗaya a mako na 'yan makonni. Abin takaici ne a yanke ƙauna daga karen da allura shida za su tayar. Don haka gwajin jini da ɗibar ɗan tsoka daga ƙarin a duba a ɗakin gwaji su ne matakin farko, kuma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, nan ne wuraren da ya dace a nufa.

To, idan gwaji ya tabbatar da mugun ƙarin fa? Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a yi tiyata a cire. An gwada, kuma sakamakon bai yi daɗi ba. Kogon hancin kare cike yake da lanƙwasassun ƙasusuwa sirara, ƙarin yana ratsa su ta yadda wuƙa ba ta iya kwashe shi tas, kuma karnukan da aka yi wa tiyata kaɗai ba su fi waɗanda ba a taɓa ba daɗewa. Hanyoyi biyu ne suka rage. Ko dai a yi gashi da injin haske mai ƙona ƙari don a sayi lokaci, ko kuma a bar ƙarin a fuskanci raɗaɗin, a lallaɓa karen a gida har iya kwanakinsa. Babu wadda ke warkarwa a cikinsu, in ban da 'yan tsirarun karnuka da gashi ke yi wa rana sosai. Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar haɗiya, kuma likita nagari yakan faɗe ta tun ranar farko.

Gashi shi ne abin da likitocin sankarar dabbobi a Amurka da Turai suka ɗauka a matsayin magani mafi inganci. Ana fara ɗaukar hoton kan karen da na'urar siti sikan don a ga iyakar ƙarin, a tsara inda hasken zai bi. A tsohon tsari, ana kai karen asibiti kullum daga Litinin zuwa Juma'a na tsawon mako biyu zuwa huɗu, zama goma zuwa goma sha takwas ko ashirin. Kare ba zai kwanta shiru don an ce ya kwanta ba, saboda haka kowane zama sai an yi masa allurar barci, kuma kowace allurar barci tana nufin ya kwana da yunwa. Sababbin injina masu saiti sosai sun rage zaman zuwa uku, wani lokaci ma ɗaya.

Abin da ake samu ba ƙarami ba ne. Rahotanni da dama sun nuna cewa rabin karnukan da aka yi wa cikakken gashi suna kaiwa shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, wasu su haura biyu. Haɓo yakan tsaya, hanci ya buɗe, barci ya dawo, kare ya koma sansana ƙasa yana kaɗa jela. Ga dabbar da gaba ɗayan rayuwarta ba ta cika wuce shekara goma sha biyu ko sha uku ba, shekara guda rabo ne mai tsoka. Ba na yarda da masu cewa wahalar da dabba ce kawai. Karen da ya samu watanni goma yana numfashi lafiya ya samu alheri na gaske, shi da kansa, ba mai shi kaɗai ba.

Amma jiki ne ke biyan kuɗin farko. Wajen mako na biyu ko na uku, fatar cikin baki takan saɓule ta yi gyambo, cin abinci ya zama azaba, fatar fuska ta yi ja ta ɗaye, gashin wurin ya zube. Abin yakan tsananta bayan an gama zaman kafin ya warke a cikin 'yan makonni. Ido, da yake maƙwabcin hanci ne, shi ya fi shan wuya a tsohon tsari: bushewar hawaye, yanar ido, har makanta a ɓangaren da aka gasa. Wani bincike na Jami'ar Wiskonsin da aka buga a 2010 ya nuna cewa injin da ke lanƙwasa haske ya kauce wa ido ya rage wannan ɓarna ƙwarai, sai dai tsawon kwanan da karnukan suka samu kusan ɗaya ne da na tsohon tsari, wajen wata goma sha huɗu. Wato ci gaban da aka samu ya fi yawa wajen rage cutarwa, bai kai ga tumɓuke cutar ba. Yawancin karnukan za su ci gaba da 'yar majina har ƙarshen rayuwarsu, kuma a ƙarshe ƙarin yakan dawo a daidai inda ya fara.

Sai kuɗin aljihu. A Amurka, hoto da gwaji da gashi suna cin dubban daloli, sau da yawa har su kusa dubu goma ko su haura. Cibiyoyin ma ba a kowane gari suke ba. Akwai masu tuƙin sa'o'i kullum, akwai masu barin karen a asibiti daga Litinin zuwa Juma'a, ya kwana cikin keji a tsakiyar baƙin ƙamshi da baƙin mutane. A Najeriya kuwa injinan gashin da ake da su ƙalilan ne, ba su ma wadaci 'yan Adam ba, masu sankarar mama da ta mahaifa suna jiran layi. Mai kare a Kano ko Maraɗi kusan an riga an yi masa zaɓi. Duk da haka yana da kyau ya san abin da ke ɗaya hanyar, domin ya san abin da ya rasa da abin da bai rasa ba.

Hanya ta biyu ma tana da nata alƙaluman. A 2006 Dokta Kenneth Rassnick na Jami'ar Konel da abokan aikinsa suka bi bayanan karnuka 139 masu sankarar hanci waɗanda ba a yi wa gashi ko tiyata ba. Rabinsu sun mutu kafin kwana 95. Waɗanda ke haɓo, tsakiyar kwanakinsu 88 ne. Waɗanda ba sa haɓo, 224. A lura da abin da alƙalamin yake nufi: rabi sun gaza kwana 95, rabi sun wuce, wasu da nisa. Ba wa'adi ba ne aka rubuta wa kowane kare. Amma in za a faɗi gaskiya a dunƙule, wata uku ake magana, a gefe guda kuma shekara.

Lallaɓawa ba naɗe hannu ba ce, aiki ne na kullum. Likitoci sukan ba da firoksikam ko danginsa, maganin da ke rage kumburi da zafi, wanda kuma ake ganin yana ɗan rage wa wasu nau'o'in ƙari sauri. A nan dole in ja kunne, domin wannan magani yana ko'ina a kemis-kemis ɗinmu, mutane suna shan sa don ciwon jiki. Abin da ake ba kare bai wuce miligiram 0.3 a kowane kilo na nauyinsa ba a rana, ƙwayar mutum kuwa takan zo da miligiram 20. Karen da ke da kilo ashirin, ƙwaya ɗaya ta ninka abin da yake buƙata fiye da sau uku, kuma tana iya huda masa ciki ko ta lalata ƙoda. Haɗa shi da firedinisolon ya fi haɗari. Ibufurofen kuwa guba ne ga kare. Likitan dabbobi ne zai auna, shi ne kuma zai ƙara wani maganin zafi in wannan ya gaza.

Sauran aikin na hannu ne da haƙuri. In haɓo ya ɓalle, a kwantar da karen, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma a kan doron hancinsa, a hana shi zumuɗi, domin tashin hankali yana ƙara gudun jini. A riƙa goge busasshiyar majina da tsumma mai ɗumi don kafar da ta rage ta samu hanya. Tururin ruwan zafi a ɗaki yana sassauta toshewa, lokacin hunturu kuwa, da ƙura da bushewar iska ke fasa hancin mai lafiya ma, a shigar da shi ciki. Karen da ba ya jin ƙamshi yakan ƙi abinci ko da yana jin yunwa, sai an ɗumama masa, an sa romo ko kifi mai ƙarfin ƙamshi, wani lokaci sai an ba shi a hannu. A ɗaga masa kai da matashi in zai kwanta. Masu wannan jinya sukan koma kwana kusa da karen, kunnensu na kan numfashinsa.

Akwai 'yan matakai a tsakani, kamar gajeren gashi sau ɗaya a mako don rage toshewa kawai, wanda kan ba da watanni biyar zuwa goma, ko ƙwayar Palladia da aka amince da ita a Amurka a 2009 don wata sankarar fata, ake kuma gwada ta a kan ta hanci. Suna da amfani, amma ba su sauya ainihin tambayar ba.

Tambayar ita ce: lokacin da ake saye, na wane ne? Mutum mai sankara yana jure gashi domin ya san dalili. Yana da ɗiyar da yake son ya ga aurenta, yana da bashin da yake son ya biya, yana iya cewa a ci gaba ko a tsaya. Kare bai san an ce masa wata uku ba, bai kuma san ana saya masa shekara ba. Abin da ya sani shi ne yau: bakinsa na zafi ko ba ya yi, ya yi barci ko bai yi ba, mutumin da ya saba da shi yana kusa ko ba ya nan. Wannan ne ya sa nake ganin kwatanta kwana 95 da kwana 400 kai tsaye kuskure ne. A cire makonnin gyambon baki da kwanan keji daga ɗaya, a cire dararen toshewar numfashi daga ɗayan, sannan a dubi abin da ya rage, kuma a dube shi a jikin wannan karen da ke gabanka.

In aka yi wannan lissafin, sau da yawa gashi ne ke rinjaye, kuma ba na jin nauyin faɗin haka. Kare mai ƙarfi a jika, wanda zuciyarsa da ƙodarsa za su ɗauki allurar barci, wanda ƙarinsa bai fita daga kogon hanci ba, wanda ba ya firgita da asibiti, kuma mai shi yana da hali ba tare da ya taɓa kuɗin makarantar yara ba, wannan ya cancanci a gwada masa. Makonni huɗu na wahala a kan watanni goma na lafiya ciniki ne mai riba. Amma in ƙarin ya riga ya fasa ƙashin nan ya doshi ƙwaƙwalwa, abin da gashi ke saya yakan ragu zuwa wajen wata shida ko bakwai a rahotanni da yawa. In karen ya tsufa tukuf, ko yana karkarwa tun daga ƙofar asibiti, ko kuɗin zai jefa gida cikin bashi, to lallaɓawa ta fi kusa da tausayi. Wanda ya zaɓe ta bai ci amanar karensa ba.

Sai dai kada a yi wa lallaɓawa kwalliyar da ba tata ba. Masu yabonta sukan siffanta ta da kwanciyar hankali a gida, kare na kwance a inuwa har rai ya yi halinsa. Sankarar hanci ba ta cika tafiya haka ba. Atishawa ɗaya tana iya fesa jini a bango da tufafi. Wari yakan fito daga hancin. Fuskar da ka sani tana sauya kama a gabanka. Kuma abin da ke rikita masu jinya shi ne sauran jikin karen lafiya lau yake: ƙafafunsa na aiki, yana kaɗa jela in ka shigo, yana iya bin ƙwallo da rana, da dare kuma ya kasa numfashi. Da wuya wannan cuta ta ɗauki ran kare cikin sauƙi da kanta. Kusan kullum sai mutum ya yanke shawara.

A nan ne hanyoyin biyu suke haɗuwa. Wanda ya yi gashi ya jinkirta ranar ne, bai kauce mata ba. Wata likitar sankarar dabbobi a Kalifoniya, Dokta Alice Villalobos, ta tsara ma'auni a 2004 don taimaka wa masu dabbobi a wannan gaɓa. Abubuwa bakwai ake dubawa, kowanne a ba shi maki har zuwa goma: zafin ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsafta, walwala, motsi, da ko kwanakin daɗi sun fi na wuya yawa. In jimilla ta haura 35, rayuwar tana da sauran armashi. Abin lura, a ƙarƙashin zafin ciwo ta sa numfashi a gaba da komai. Ga mai sankarar hanci wannan layin kaɗai yana iya rinjayar sauran shidan. Shawarar da na fi ganin amfaninta ita ce a sa wa kalanda alama kowace safiya, daren jiya mai kyau ne ko mara kyau, domin zuciya tana riƙe kaɗa jelar rana ta manta da zaman dare. Kuma a yanke iyaka tun hankali na kwance: farfaɗiya ta farko, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko dare uku a jere babu barci.

Yadda ake yi a asibiti ba shi da tsanani. Ana fara ba da allurar kwantar da jiki, sannan a sa maganin barci mai yawa, yawanci fentobabital, ta jijiya. Cikin daƙiƙoƙi hankali ya gushe, cikin minti ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya. Idanu sukan zauna a buɗe, wani lokaci jiki ya ɗan motsa ko a ji dogon numfashi guda. Karen ba ya jin komai a lokacin, amma gara mai shi ya sani tun kafin ya gani. Musulmi zai tambaya ko ya halatta, kuma tambaya ce mai kyau. Malamai sun saɓa. Wasu sun hana kashe dabbar da ba a ci don kawai a hutar da ita. A mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa, Muhtasar na Shehu Halilu, a babin yanka, ya kawo halascin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, masu sharhi kuma suka bayyana cewa don a hutar da ita ne. Wanda abin ya dame shi ya zauna da malaminsa tun kafin daren da zai buƙaci amsar.

Bayan an gama, kowace hanya tana barin nata irin da-na-sanin. Wanda ya yi gashi yakan tuna makonnin gyambo ya ce, da na bar shi ya huta. Yakan ji kamar an yi masa mutuwa sau biyu, domin ya ga karen ya warware, ya saki jiki, sai ga ɗigon jinin nan ya dawo wata safiya. Wanda ya lallaɓa kuwa lissafin shekarar da bai saya ba ne ke cin sa, musamman in kuɗi ne suka hana. Dukkansu kuma suna tarayya a tambaya ɗaya: na yi gaggawa ne, ko na makara? Likitocin da suka daɗe a wannan aiki sukan ce masu kukan sun makara sun fi masu kukan sun yi gaggawa yawa, kuma na gaskata su. A ganina mafi nauyin kuskure ba ya cikin zaɓen gashi ko barinsa. Yana cikin riƙe kare mako biyu yana kokawa da numfashi saboda mai shi bai shirya rabuwa ba.

Ta wata fuskar, mai gashi ya fi samun sauƙin alhini, domin ya samu watanni yana ban kwana a hankali, kuma yana iya ce wa kansa ya yi iyakar abin da ilimi ya kai. Ta wata fuskar kuma mai lallaɓawa ne, domin hannunsa ne ya yi jinyar, bai miƙa wa inji da baƙi kwanakin ƙarshe ba. Ban ga wadda ta kuɓutar da mai ita daga kuka ba.

Kukan kansa yana da tasa matsalar, wato rashin wurin yin sa. Wani masani Ba'amurke, Kenneth Doka, ya yi rubutu a 1989 a kan irin baƙin cikin da jama'a ba su yarda mutum ya nuna ba, kuma mutuwar dabba tana cikin misalan da ake kawowa. Ko a ƙasashen da suka gina wa dabbobi maƙabarta tun tuni, kamar ta Hartsdale a jihar Niyok da aka buɗe a 1896 da ta gefen birnin Faris ta 1899, wanda karensa ya mutu yakan koma aiki washegari ya haɗiye abin. Shi ya sa makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta buɗe layin waya na masu wannan rashi a 1989, ƙungiyar Blue Cross ta Ingila ta bi sahu a 1994. Jiki ma yana shaida nauyin abin. A 2017 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga labarin wata mata 'yar shekara 61 a Tekzas da aka kai asibiti da alamun bugun zuciya bayan mutuwar karenta, gwaji ya nuna jijiyoyin zuciyarta ba su toshe ba, baƙin ciki ne ya raunana tsokar.

A wajenmu abin ya fi tsauri. Mutum ya ce yana jimamin kare, amsar da zai fara ji ita ce, «Haba Malam, kare ne fa!» Alhali maharbin da ya yi shekara goma yana shiga daji da karensa, da makiyayin da karensa ya sha korar masa kura, da mai gadin da ba shi da abokin hira da dare sai shi, sun san abin da suka rasa, ko da ba za su faɗa a majalisa ba. Addini bai hana wannan tausayi ba. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da gona. Hausawa da kansu sun ce sabo ake yi wa kuka. Ba wanda ya ce a yi zaman makoki ko a daidaita dabba da ɗan Adam. Amma muna yi wa wanda saniyarsa ta mutu jaje, muna yi wa wanda aka sace wa babur. «Sannu, Allah ya ba da haƙuri, ya mayar da alheri» ba ta fi ƙarfin mai kare ba.

Akwai 'yan abubuwan da ke biyo baya waɗanda ba a cika faɗa ba. Gawar karen da aka yi wa allurar fentobabital guba ce ga duk abin da ya ci ta, ungulu ko wani kare, don haka ba a yar da ita a juji ko bayan gari. A haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya, a binne. Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa ya yi ciwon da ba ya warkewa ya mutu, domin yaron da aka ce wa kare ya ɓata zai yi ta leƙen ƙofa. In akwai wani karen a gidan, a sa masa ido. Wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2022, wanda ya tambayi mutum 426 da ɗaya daga cikin karnukansu ya mutu, ya samu kashi 86 cikin ɗari sun ga sauyi a wanda ya rage: rage wasa, rage ci, yawan barci, yawan neman a kula shi.

Masu son ka da alheri za su kawo maka kwikwiyo tun ba a yi mako ba. Makiyayi da mai gadi ba su da zaɓi, aiki ba ya jira. Wanda ke da halin jira kuwa, gara ya jira har ya daina neman tsohon a jikin sabon. In ya zo, musamman in mai dogon baki ne, a nisanta shi da hayaƙi. Binciken da John Reif ya jagoranta a Jami'ar Jihar Kolorado a 1998 ya samu ƙarin haɗarin sankarar hanci a karnuka masu dogon baki da ke zaune da masu shan taba, wani binciken na shekarar kuma ya alaƙanta ta da ƙona kananzir ko kwal a cikin ɗaki. Dogon hanci yana tace abin da ke cikin iska ya riƙe shi, kuma karen da ke kwana kusa da risho ko murhu a rufaffen ɗaki lokacin sanyi yana shaƙar abin da ya fi na kowa a gidan.